Buroshi, Gwangwani ko Bindigar Feshi: Wanne Ya Dace da Mai Fentin Gunpla a Sakkwato?

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutu. Tun ranar da ya ga mutum-mutumin roba da na jera a kan kabad bai ƙara barina na huta ba. Wata biyu da suka wuce ya fasa asusunsa, ya zo ya zube kuɗin a gabana, ya ce, "Kawu, wanga abu nika son in koya. Na gani ga bidiyo kowa da bindigar feshi shika aiki. Ita zan fara saye?" Na ce ya tattara kuɗinsa ya mayar aljihu mu yi lissafi tukuna, domin mutanen da yake kallo a bidiyon nan ba a Sakkwato suke fenti ba. Lissafin da muka yi a wannan zama shi ne zan shimfiɗa a nan, saboda na san akwai irinsa da yawa da ke shirin zuba kuɗi inda bai kamata su fara ba.

Ga wanda bai san harkar ba, Gunpla shi ne sunan mutum-mutumin Gundam na roba da kamfanin Bandai na Japan ke yi, Gundam kuwa ƙaton injin yaƙi ne mai siffar mutum a wani shirin katun na Japan. Ba a haɗe yake zuwa ba. Kwali za ka buɗe ka tarar da gaɓoɓi birjik maƙale a jikin firam, kowace da lambarta, sai ka bi littafin hotuna kana yanka kana haɗawa har ya miƙe tsaye. A watan Yulin 1980 aka fitar da na farko a kan yen 300, kuɗin Japan, shekara guda bayan an fara nuna shirin Gundam a talabijin. Na wancan zamani sai da gam, sai da fenti. Na yanzu gaɓoɓin da kansu suke kama juna, kuma kowace ta baro masana'antar Shizuoka da launinta. Saboda haka fenti ya zama ganin dama. Na kuma san akwai gidajen da ba a son ajiye abu mai siffar mutum. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, kuma duk abin da zan faɗa kan fenti yana aiki a kan jirage da motoci da tankokin yaƙi na roba irin waɗanda kamfanin Tamiya ke yi.

Maganar kwalin da za a saya ba ta da tsawo. Gundam na asali, RX-78-2, a labarinsa tsawonsa mita 18 ne, don haka idan ka ga 1/144 a jikin kwali abin da zai fito bai kai santimita 13 ba, 1/100 zai ba ka santimita 18, 1/60 kuwa santimita 30. Kwalayen kuma aji-aji ne, kowane da sunansa. Entry Grade da ya fito a 2020 ko filaya ba ya buƙata, da yatsa ake ɓalle gaɓoɓinsa, ya dace da yaro ƙarami. Real Grade na 2010 ɗan ƙarami ne amma gaɓoɓinsa sun yi yawa, wasu kamar ƙwayar shinkafa, idan ɗaya ta faɗi kan tabarma sai mai rabo. Master Grade na 1995 yana da ƙashi a ciki da sulke a waje, aikin fentinsa ninki biyu ke nan. Perfect Grade na 1998 na masu hali ne da dogon haƙuri. Mai son koyon fenti ya ɗauki High Grade, wanda aka fara tun 1990: gaɓoɓinsa ba su cika yawa ba, kuɗinsa da sauƙi, in ka ɓata shi ba za ka kwana da baƙin ciki ba. Ka dai duba tambarin Bandai a kusurwar kwalin, don akwai na jabu da robarsu ba ta zama daidai.

Abin da ya kamata mutum ya fara sani shi ne yadda fenti ke bushewa. Ruwa ne ɗauke da launi, yana bukatar ɗan lokaci ya kwanta ya baje a jikin roba kafin ya kame. In ya kame da wuri, sai ya bar layi ko gurzo-gurzo. To mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, iska a bushe ƙamas, ɗigon fenti a bakin buroshi ba ya jiran ka gyara zama. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyin yana da daɗin aiki, amma ka share tebur da safe, kafin azahar kana iya rubuta sunanka a kai da yatsa. Roba kuma da aka goga da sanfefa a busasshiyar iska jan ƙura take yi, kamar yadda biro da aka goga a gashi ke ɗaukar guntun takarda. Da damina, musamman a Agusta, laima ce ke shiga fentin feshi ta sa shi yin fari-fari kamar hazo ya kwanta a kai. Sai batun wuta, wanda ba sai na yi wa kowa bayani ba. Zafi, ƙura, laima da wuta: da waɗannan nake auna kowace hanya, ba da kyawun da ta yi a hoton wani ba.

Hanyar farko ita ce kada ka yi fenti sam, kuma ba raini a cikinta. Kayan aikinta ƙaramar filaya mai kaifi, reza, sanfefa lamba 600 da 800 da 1000, da alƙalami mai siririn baki. Sirrin yana wurin yanka. Kada ka ɗora filaya a jikin gaɓa kai tsaye, robar za ta yi farin tabo a wurin. Ka yanka nesa kaɗan ka bar ɗan tsini, sannan ka rage shi a hankali da reza, ka bi da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi. Bayan haka sai ka bi ƙananan layukan da aka zana a jikin sulken da alƙalami. Gundam Marker na kamfanin GSI Creos yana da launi uku na wannan aiki: toka a kan fari, baƙi a kan shuɗi da launuka masu duhu, ruwan ƙasa a kan ja da rawaya. Inda ya zarce sai ka goge da auduga ta goge kunne ko magogin fensir. Wannan aiki na yamma ɗaya kan sa abin ya tashi daga kayan wasan yara ya koma kamar inji na gaske. Ƙura ba ta dame shi ba, zafi bai dame shi ba. Aibinsa shi ne launin da kamfani ya ba ka da shi za ka zauna, kuma ƙananan wuraren da aka bar wa sitika za su ci gaba da ba ka haushi, don gefen sitika kan ɗaga idan ta sha zafi.

A nan akwai gargaɗin da na biya kuɗinsa. Akwai wani ruwan baƙi na inamel da ake ɗigawa a layi ya bi shi da kansa, yana da kyau ƙwarai. Na taɓa ɗiga shi a kafaɗar da na riga na haɗa, ya gangara cikin mahaɗa inda robar ke a matse, washegari ina taɓawa ta tsage gida biyu. Tinar da ke cikinsa, wato sinadarin sirka fenti, ita ce ke cin roba ta sa ta gautsi. In za ka yi amfani da shi, ka yi kafin haɗawa, a kan fentin rufi mai sheƙi, wato fenti marar launi da ake rufe aiki da shi. Ka kuma duba jikin firam: inda aka rubuta ABS, wannan roba ba ta shiri da fenti mai tina ko kaɗan, littafin kwalin ma yakan yi gargaɗi a kai.

Hanya ta biyu buroshi ce da fentin akirilik mai narkewa a ruwa, kuma a nan zan daɗe, domin ita nake ganin ta fi dacewa da mu. Ba ta neman wuta. Warinta kaɗan ne, ana iya yi a ɗaki da ƙofa a rufe, wato ka yi maganin ƙura tun kafin ta shigo. Fentin da ruwa ake sirka shi, da ruwa ake wanke buroshi. Kuma shi ne ya fi sauƙin isowa daga waje, tun da ba ya cikin kayan da ke kama wuta da jiragen sama ke ƙin ɗauka. Irin na Vallejo da ake yi a Sifaniya yana zuwa a 'yar kwalba mai bakin ɗigo, ɗigo biyu ko uku sun ishe ka gaɓa guda, kwalba ɗaya sai ta kai ka mutum-mutumi da yawa. Akirilik na Tamiya yana da kyau amma akwai sifirit a cikinsa, yana saurin bushewa, a zafinmu sai ka haɗa shi da ruwan da ke jinkirta bushewa kafin buroshi ta ja shi lafiya. Na cikin bututu da ake sayarwa a shagunan kayan makaranta an yi shi ne don takarda da yadi. Ana iya koyon hannu da shi, amma garinsa bai kai laushi ba kuma ba ya kama roba da kyau.

Babbar matsalar buroshi a garin nan ita ce fenti ya bushe a faranti tun ba ka kai rabi ba. Maganinta yana kicin. Ka sami robar zuba abinci mai murfi, ka shimfiɗa soso siriri ko tishu ninki huɗu a ciki, ka jiƙa shi sharkaf ba tare da ruwa ya kwanta ba, ka ɗora takardar gashin kek a sama. A kan takardar za ka ɗiga fenti. Laimar da ke ƙasa tana ratsowa a hankali ta riƙe shi ɗanye, in an kira salla ka rufe murfi, ka dawo ka tarar da shi yadda ka bari. Tun da na fara haka ban ƙara asarar fenti a bazara ba. Abu ɗaya ne mai wuya: dole ka kashe fanka, ko ka juya ta wani gefe, don tana busar da fenti tana kuma tayar da ƙura. Shi ya sa nake aikina bayan asuba kafin rana ta yi ƙarfi.

Yadda ake shafawa ma sai da haƙuri. Ka wanke gaɓoɓin da ruwa da sabulu don maiƙon hannu ya fita, su bushe a cikin roba mai murfi. Ka fara da fentin shimfiɗa, wanda masu fentin mota ke kira firaima, in ba haka ba farce ma zai kankare maka aikinka. Ka sirka fenti ya yi kamar madarar ruwa. Shafar farko za ta fito dabbare-dabbare, robar na leƙowa ta ƙasa, kuma a nan ne sabon hannu ke karaya ya lafta mai kauri ya ɓata komai. Ka bar ta ta bushe. Shafa ta biyu ka gitta ta farko, ta uku ka koma yadda ka fara. Inda buroshi ta wuce kada ka koma kai yana ɗanye, ko da ka ga kuskure. Fari da rawaya da ja su ne masu taurin kai, in shimfiɗarka mai duhu ce sai ka yi shafa biyar ba su rufe ba, don haka a ƙarƙashinsu farar shimfiɗa ake sawa. Buroshi biyu sun isa, mai faɗin baki ta manyan wurare da mai tsini ta lungu.

Ba zan ɓoye aibinta ba. A wuri mai faɗi kamar garkuwa, duk iyawarka sai an ga sawun buroshi in an matso kusa, ko da yake fentin rufi marar sheƙi yana ɓoye mafi yawansa. Akirilik kuma ba ya jure goga, gwiwa da gwiwar hannu sukan kankare in ana yawan lanƙwasa su. Tana cin lokaci: High Grade ɗaya kan ɗauke ni safiya shida ko bakwai. Amma in ka yi kuskure, sifirit zai wanke fentin tas ba tare da ya taɓa robar ba, ka sake daga farko.

Hanya ta uku gwangwanin feshi, kuma iri biyu ne da bai kamata a haɗa su ba. Akwai wanda aka yi musamman don wannan aiki, kamar na Tamiya mai mililita 100. Feshinsa laushi ne, fentinsa yana kama roba gam, garkuwa takan fito sumul kamar jikin sabuwar mota, abin da buroshi ba za ta taɓa ba ka ba. Sai dai samunsa aiki ne, domin gwangwani mai iskar gas yana cikin kayan da ake takura ɗaukarsu a jirgi. Kowane launi gwangwaninsa daban, ba a haɗa biyu a sami na uku, kuma Gundam na asali kaɗai yana neman fari, shuɗi, ja, rawaya da toka. Kaso mai yawa na fentin iska ce ke sha. Inda ya fi riba shi ne mutum-mutumi mai launi kaɗan, irin Zaku da kusan duk jikinsa kore ne.

Ɗayan shi ne gwangwanin da ake samu wurin masu sayar da fenti a Babbar Kasuwa, na fesa ƙofar ƙarfe da babur. Ga shi kusa, ga araha, amma araha ba ta ado. Feshinsa da ƙarfi yake fita, yana cike ƙananan layukan nan da su ne kyawun abin, kuma tinar wasu tana da zafin da ke sa fuskar roba ta yamutse. Ban ce kada a taɓa shi ba. Ka fesa a ragowar firam, ka bar shi kwana ɗaya, ka lanƙwasa ka gani. In bai yi danƙo ba, bai tsage ba, ka yi aiki da shi sama-sama.

Da gwangwani na yi ɓarnata ta farko. Wata garkuwa ce na fesa a watan Afrilu, ta fito da kaushi kamar sanfefa. Na kai ta wurin wani dattijo mai fentin mota a wani gareji wajen Mabera. Ya shafa ta da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, da wane lokaci ka fesa wanga?" Na ce, "Bayan azahar, Baba." Ya ce ai fentin tun a iska ya bushe, gari ne ya sauka a kan robar. Ya nuna mini yadda su suke yi: da sassafe suke feshi, kuma sai sun yayyafa ruwa a ƙasa ko'ina don ƙura ta kwanta. Tun daga ranar haka nake yi a tsakar gida. Ina maƙala kowace gaɓa a bakin tsinken tsire, in girgiza gwangwani minti biyu, in tsaya nesa kamar taƙi ɗaya, in fara feshin a gefe in wuce ta kan gaɓar ba tsayawa. Ina gamawa in soke tsinken a kwali in kife wani kwalin a kai. Kada a soke a farar kumfar nan da ke zuwa da talabijin in za a fesa a kanta, tina narkar da ita take yi. Gwangwanayen Japan kuma a jikinsu an rubuta kada a ajiye su inda zafi ya kai digiri 40. Mu inuwarmu ma takan wuce haka a bazara, balle cikin mota ko shago mai rufin kwano. Nawa a ƙasa nake ajiye su, kusa da randa.

Sai bindigar feshi, wadda yaron ya zo da maganarta. Gaskiya ita ce sarauniya. Kana haɗa launin da ka ga dama, kana iya sa duhu a gefe haske a tsakiya, fenti kaɗan take ci, kuma kai ke iko da yawan abin da ke fita. Mai baki milimita 0.3 ta wadatar da kusan komai. Amma ba ita kaɗai ake saye ba. Akwai kwamfuresa mai tura mata iska, gara mai tanki don iska ta riƙa fita daidai, akwai matarar ruwa saboda damina, akwai tina da ruwan wanki, akwai takunkumi mai matatar sinadari, don na ƙyalle ba ya tare tururin tina. In an ɗauke wuta da fenti a cikin kofinta, sai ka yi maza ka wanke kafin ya daskare a ciki. Mai sola ya huta da wannan, ƙaramar kwamfuresa ba ta cin wuta sosai. Akwai mai batir da ake riƙewa a hannu, tana fitar da mutum kunya a ƙaramin aiki, sai dai iskarta ba ta da ƙarfi. A busasshiyar iskarmu akirilik yana yawan kamewa a bakin allura, kana fesawa kana tsayawa kana gogewa. Duk canjin launi sai an wanke. Allurar kuma in ta lanƙwashe ko bakin ya tsage, ba abu ne da za ka hau babur ka je ka sayo ba, sai ka yi oda ka zauna jira. Wanda ya riga ya haɗa biyar ko shida, ya tabbatar abin ya zauna masa a rai, yana da wuta tsayayya da ɗaki mai taga da zai keɓe, wannan ya saya ba zai yi nadama ba. Wanda bai taɓa sirka fenti ba, kuɗin High Grade da yawa zai zuba a kan na'urar da za ta gajiyar da shi a mako biyu.

Abin da ni kaina na tsaya a kai gauraye ne. Gwangwani biyu kawai nake nema, na shimfiɗa da na rufi marar sheƙi, don su ne ke son feshi bai ɗaya. Duk abin da ke tsakaninsu buroshi ce. Feshin nakan tara shi zuwa kaka, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, bayan laima ta ragu kafin hazo ya sauko, ko kuma safiyar da iska ta kwanta. In gwangwanin bai samu ba, akwai shimfiɗa da rufi na akirilik da ake shafawa da buroshi, aiki ba ya tsayawa.

Kuɗin ɗan ƙanwata sun sayo High Grade biyu, filaya, sanfefa, alƙaluma biyu, buroshi biyu da kwalaben fenti huɗu. Na farkon na ce ya haɗa shi ba fenti, ya koyi yanka da bin layi, ya gama shi a kwana uku. Na biyun muka fara ranar Asabar bayan asuba. Shi ya jiƙa tishun, shi ya yanka takardar kek, na bar masa bindigar mutum-mutumin da tafukan ƙafa ya shafa musu toka. Da ya ga shafar farko ta yi dabbare-dabbare sai ya miƙa buroshi zai ƙara, na riƙe masa hannu. Muka yi shafa uku, muka kife kwali a kai, na ɗora littafi a sama don kada iska ta ɗaga. Ya tsuguna yana leƙe ta ƙasa, ya ce, "Kawu, yaushe za mu buɗe?" Na ce, "Gobe war haka, in Allah ya kai mu."